Kwanon da Na Kai wa Tsohuwa a Japan

Ba zan taɓa mantawa da wannan abin kunya ba, kuma tun farko in faɗa, laifina ne. Lokacin da kuɗin fetur suka shigo, aka turo mana sababbin injunan ban ruwa Kazaure, sai aka zaɓe ni da Sale, wani bakanike ɗan Babura, mu je Japan koyon gyaransu. Ni da ban taɓa wuce Kano ba! Mutanen garinmu Gwiwa har tasha suka raka ni.

Ranar hutu tafintanmu ya kai mu gidan kakarsa, mai ginin tukwane. Aka ɗaura mana zane a ƙugu, aka zaunar da mu gaban wani faifai mai juyawa, aka ɗora yumɓu. Kai, daɗi! Ka taɓa nan ya miƙe, ka danna can ya buɗe baki. Nawa dai ya fito kamar akushin da jaki ya taka. Sale yana dariya yana cewa, "Mutumin Gwiwa, wannan ko kaza ba ta sha ruwa a ciki ba."

Da muka gama, tsohuwa ta dama mana koren shayi mai ɗaci. Ta ba kowa a kofi lafiyayye, ni kuma ta miƙo mini nawa da hannu biyu a wani tsohon kofi da ya taɓa fashewa, duk jikinsa layin gyara rawaya-rawaya. A wurinmu ai ba a ba baƙo ruwa a ɗinkakkiyar ƙwarya. Sai tausayi ya kama ni, na ce lallai kofunan baiwar Allah sun ƙare.

Da aka ce mu koma ɗaukar kofunan da muka gina bayan an gasa, na shiga kanti na sayi kwano mai fenti, sabo fil, har da furanni (ina tafe ina jin kaina wani Alhaji). A gaban jama'a na ajiye mata, na ce wa tafinta, "Gaya wa Iya ta jefar da fasasshen nan, ga sabo."

Kunnuwan tafinta suka yi ja. Na ce, "Faɗa mata mana!" Ya faɗa. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ɗauko tsohon kofin nan ta shafa shi a hankali.

Sai tafinta ya ce mini cikin ƙaramar murya, layin nan zinari ne. Marigayi kakansa ne ya haɗa shi da hannunsa, kuma babban baƙo kaɗai ake ba shayi a ciki. Shi ne ma ya roƙe ta ta fito da shi saboda ni.

Sale ya raɗa mini, "To, ka kashe mu."

Nan take na tuna ƙwaryar furar innata mai ɗinki uku, wadda na sha yi mata tsiya a kanta. Yau ko tsumma na gani a hannun tsoho, sai na tambayi labarinsa kafin in yi gwaninta.

A ranar dai ban jira tafinta ba. Na cire hula, na durƙusa irin na gida, na ce da Hausa, "Iya, ban sani ba. Kin girmama ni, na raina. Don Allah ki yafe mini, ki ƙara mini shayin a cikinsa."