Yadda Za Ka Gane Bargon Matarka a Ranar Baje Koli

Kai magidancin ƙauyenmu na Kansas, wanda matarka ta shekara tana ɗinka bargon faci a gefenka kana can kana kallon ƙwallo, yau ga ranar ƙin dillanci. An rataye barguna a zauren coci, an rufe sunayen masu ɗinki, ta miƙo maka takardar ƙuri'a ta ce, "Zaɓi nawa, in ka san shi." Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, sakamako tabbas ne. Wani bawan Allah mai suna Elwood ya bi su ranar Asabar, har yau ana ba da labarinsa.

1. Shiga da fuskar masani

Goya hannu a baya, ka ɗan ja da baya, ka kanne ido ɗaya, ka gyaɗa kai. Wanda bai san hanya ba ya yi tafiya a hankali, sai a ɗauka natsuwa ce.

2. Kada ka taɓa

Opal ce kaɗai, tsohuwar nan mai farar safar hannu, ke da ikon ɗaga bargo. Elwood ya kai hannu da maiƙon kek a yatsa, ta ce, "Ɗan nan, hannunka za ka janye ko in janye maka?" Ya janye da kansa.

3. Kada ka nemi satar amsa

Elwood ya gwada da matarsa. "Wilma, ɗan tuna min kalarsa mana."

"Shekara guda yana kan cinyata, tsoho. Har gahawa ka zubar masa."

4. Kushe na wasu don nata ya haska

Nan ƙwarewar take. Elwood ya hango wani ƙaton bargo mai taurari, ruwan ƙwai da kore sai ɗaukar ido, ya ce a ransa ai matarsa ba ta yin ƙaramin abu. A gefensa kuwa ga wani ɗan madaidaici, duk ya koɗe. Sai gogan ya ɗaga murya: "Wannan kuma fa? Kamar an kwashe rigunan wani matsiyacin manomi an yayyanka! Dubi jan nan. Ko karena ba zai kwanta a kai ba!"

Zaure ya yi tsit. In ka ji shiru haka, alamar an gamsu ce.

5. Jefa ƙuri'a da ƙarfin gwiwa

Ya jefa wa mai taurari. Da aka buɗe sunaye, ashe na Doreen ne, wadda Wilma ta daɗe tana burin ta kayar. Da ƙuri'a ɗaya tak Doreen ta ci.

Wilma ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ja shi gaban koɗaɗɗen, ta ɗora yatsa a kan jan, Opal ma ba ta hana ba.

"Wannan rigar ka sa ranar da ka zo neman aurena. Shuɗiyar nan, ranar da na haifi Nelda. Matsiyacin manomin ya gane kansa?"

Wayyo! Ashe ba kare ne ya cinye rigunansa da suka ɓace ba. Kunya ta kama Elwood.

Tsame hannu

Na ce sakamako tabbas ne, ban ce wane iri ba, don haka duk abin da ya same ka babu ruwan marubuci. Mai ƙorafi ya iske ni a doguwar kujerar falo, inda nake kwana cikin sanyin nan da tawul a matsayin mayafi. Ka ce Elwood kake nema, kowa zai nuna maka ni. Bargon kuwa Wilma ta shimfiɗa wa kare, kuma ya kwanta.