Ranar da Na Kwance Injin Markaɗen Matata

Da na sayi ɗan injin sassaƙa ƙarfe a gwanjo, wani tsohon makanike a Gummi ya ce mini, "Malam, fara da ƙaramin injin tururi mai fistin guda. Ko ma ka fara da noti."

Noti! Ni da na ƙarar da idona wajen kallon bidiyon maƙera a waya? Na yanke shawarar ƙera ɗan ƙaramin injin markaɗe irin na matata, wanda zai zauna a tafin hannu. To, ƙira sai da awo, awo kuwa sai an ga ciki. Tana fita, na kwance nata kaf, na jera kayan cikinsa a tabarma.

Na san sarai gobe sunan jikanmu na fari, kuma da injin nan za a yi markaɗen waina. Na dai amince da kaina ne.

Ta dawo ta tsaya a kaina. "Mi nika gani haka?"

"Awo ne. Minti goma in mayar."

Ban gama mayarwa ba sai la'asar. Noti huɗu suka rage, injin ko tari bai yi ba. Matan unguwa suka dire bokitan jiƙaƙƙiyar shinkafa, aka fiddo turame. Inna mahaifiyata, da tsufanta, ta karɓi taɓarya tana kallona. Wallahi gara ta zage ni.

Jikan nan yanzu har gudu yake yi. Amma duk gidan da aka fara daka a unguwarmu, sai wata ta ɗaga murya don in ji: "Injin Malam ya tashi!"