Yadda Za Ka Shekara Ashirin da Bakwai Ba a Ci Garinka a Kwamfuta Ba

Kafin kowa ya san ana yaƙi a cikin kwamfuta, ni na gani da idona. Ina shara a wani ofis aka sauke na'urar, mutum biyu suna nishi. Manaja na fita cin abinci akawu ya tura ƙofa ya kunna ta, sai ga 'yan mutane a allo kamar tururuwa suna saran itace, suna gina gari, suna zuwa su rushe na wani. Na jingine tsintsiya. Ran da ofishin ya tashi aka ce kowa ya ɗauki abu guda. Wasu suka kwashi kujeru, ni na ɗoro kwamfutar a ka.

Duk wasannin yaƙin da kuke latsawa a waya yau, jikokin wannan ne. Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne Auta 'yata tana rubutawa, amma tun daga ranar ba a taɓa cin garina ba. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kai ma ba za a ci naka ba.

Mataki na 1: Kada ka karanta komai

Rubutu zai riƙa fitowa a allo. Rabu da shi. Masu karatu suna ganin an rubuta an kawo musu hari sai su ruɗe. Ni ban taɓa sanin abin da aka rubuta ba, shi ya sa har yau hawan jini bai san gidana ba.

Mataki na 2: Kada ka tara sojoji

Soja ci yake yi, kuma mutuwa yake yi. Na taɓa tura mahaya goma sha biyu, ko ɗaya bai dawo ba, ranar ko abinci ban iya ci ba. Yi gona. Yi katanga. In katangar ta ƙare, yi wata a bayanta.

Mataki na 3: Ɓoye mutum ɗaya

Nan ilimin yake, gyara zama. Wasan nan ba ya cewa an ci ka sai an kashe mutuminka na ƙarshe. To tun farko ka zaɓi mace ɗaya cikin masu saran itace, ka kai ta can kusurwar duniya, bayan kurmi, inda allo ya yi baƙi. Su ƙone kasuwa, su rushe fada, su kwashe tumaki. Kai naɗe hannu. Abokin gaba zai yi ta yawo da rundunarsa har ya gaji ya tashi, kuma wanda ya tashi shi ya gudu. Akawun nan sau tara yana guduna. Tela maƙwabcina har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Mataki na 4: San maƙiyinka na gaskiya

Ba a cikin allo yake ba, a falo yake. Uwar yara ta sayi firiza, ta auna da igiya, ta ce babu inda zai shiga sai kusurwar da kwamfutata take.

"Maigida, wannan akwatin naka kukan injin niƙa yake yi. Mai sayen tsofaffin ƙarfe na zuwa ran Litinin."

Na ce, "Ba a sauke sarkin da ba a ci da yaƙi ba."

"To a ci shi mana," in ji ta. Ta kira mijin Auta, wanda muke kira Injiniya. Aka yi sharaɗi a gaban kowa: in ya ci ni, kwamfuta ta bi mai ƙarfe, in bai ci ni ba, firiza ya kwana a baranda.

Mataki na 5: Bar shi ya yi murna

Ran Asabar da rana Injiniya ya zo da tasa kwamfutar, siririya kamar faranti, ya durƙusa ya gaishe ni, ya jona ta da tawa. Minti ashirin, wallahi, garina ya zama toka. Giwaye ya kawo mini! Ni a shekara ashirin da bakwai ban san akwai giwa a ciki ba.

"Baba, a yi haƙuri," in ji shi, yana miƙewa.

"Zauna, ɗana. Ka ji an buga gangar nasara?"

Ya dubi allo, ya koma ya zauna. Ya bi gabas, ya bi arewa, ya gina jirgin ruwa ya duba tsibiri. Gumi ya jiƙa masa kwala. Ni kuwa na sa aka dafa mini shayi, ina kurɓa da ƙara don ya ji.

Mataki na 6: Kada ka bari a goge maka tebur

Wannan kuskuren ni na yi shi, kai kada ka yi. Ashe duk shekarun nan da uwar yara take goge ƙura a bayana, idonta na kan allo. Tana wucewa da tire, ko kallonmu ba ta yi ba, ta ce, "Injiniya, duba ƙasa ta hagu, bayan itatuwan nan. Kullum can yake kai ta."

Shayi ya sarƙe ni. Giwaye suka juya. Sai ga baiwar Allah ita kaɗai da ɗan gatarinta, tana ta sara, ba ta san duniya ta ƙare ba. Maharba arba'in suka zagaye ta.

Mataki na 7: Sa mata suna tun da wuri

Na ajiye kofi, na ce, "Kafin ka latsa, ɗana, ka san wace ce wannan? A makon da na kawo kwamfutar nan aka haifi Auta. Tun ranar sunanta na sa wa mai gatarin nan. Shekara ashirin da bakwai ina ɓoye ta daga maƙiya, sai na ɗauka na ba ka da hannuna. Bismillah, harbe ta."

Auta ta zo ta tsaya a bayansa, ta riƙe ƙugu. "Taɓa ni ka gani."

"Wasa ne fa!" in ji shi.

"Eh, latsa mana. Ai gida ɗaya za mu koma."

Uwar yara ta leƙo daga kicin: "Kai, latsa! Ni na haife ta, na yafe!"

Yatsansa ya tsaya a kan linzamin kwamfuta. Ya dubi surukarsa, ya dubi matarsa, ya dubi mai gatari tana sara abinta. Sai ya rufe kwamfutarsa a hankali, ya ce ya tuna yana da aiki. Wanda ya tashi kuwa, ka san hukuncinsa.

Firiza yana baranda. Uwar yara ta daina goge mini tebur, ƙura har ta rufe harufan kwamfutar, ni da ba karanta su nake ba.

In ka bi matakan nan aka hana ka abinci, ko maƙwabci ya daina gaishe ka, ko surukinka ya fara aiko gaisuwa ta waya, babu ruwana, ban san ka ba, ban ma iya sa hannu ba. Wanda kuma yake ganin ƙarya nake yi, ya ɗauko kwamfutarsa da giwayensa ya zo, ƙofata a buɗe take. Ƙasa ta hagu, bayan itatuwa, ni da bakina na faɗa maka. Auta za ta tsaya a bayanka.