Damisa a Cikin Saba

Ba zan taɓa mantawa da makon da na yi ina farautar damisa ba, daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi. Watana biyu ke nan da ɗaukata aiki a wata ƙungiya mai tattara bayanan marasa lafiya na ƙananan asibitoci. Saba ɗinmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan duka, tana ofishin Kaura, rassanmu biyu na Shinkafi da Zurmi kuma ta netwok suke shiga.

Wata rana shugabanmu, Alhaji, ya ce yana son ya riƙa sanin wa da wa ke cikin saba a kowane lokaci. Na ce ai wannan kamar shan ruwa ne. Da safe na kawo manhaja, na ce da hannuna na rubuta. (Gaskiya a filashin wani da ya riga mu gama makaranta na same ta. Na girka ta ban karanta ko layi ɗaya ba.)

Ta yi aiki kuwa. Ina latsawa sai ga sunayen ma'aikata sun jero, kowa da reshen da ya shigo daga ciki. Can ƙasa sai ga wani suna: damisa. Ba mu da ma'aikaci mai wannan suna. Na kore shi, manhajar ta mutu. Na tayar da ita, ya dawo. Na sake korarsa, ta sake mutuwa. Na ce lallai wannan ba ƙaramin ɗan kutse ba ne, har ramuwa yake yi.

Ranar Talata muka tafi duba reshenmu na Shinkafi, ni da direba da Madam Esta, mai kula da fayil-fayil. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta fi shekara ashirin a Kaura, ita ke kawo mini ƙosai idan ta ga ban karya ba. Muna isa na buɗe laftof. Damisa na nan, kuma daga Shinkafi ya shigo! Ranar Alhamis a Zurmi, haka. Kaina ya ɗaure tamau. Na leƙa ƙarƙashin tebur (kada ku tambaye ni me nake nema). A mota kowa na addu'ar hanya, ni ina lissafi: direba ko saƙon waya sai an karanta masa. Saura wa?

Washegari na shiga wurin Alhaji. "Ranka ya daɗe, na gano mai satar shiga bayanan marasa lafiya."

Ya ajiye tabarau. "Mi kac ce? Wane na?"

Na ce masa Madam Esta ce. Ya sa aka tara ma'aikata, don abin na iya cin aikin mutum. Na haɗa laftof da babban allo, na yi bayani har da nuni da biro. Da na gama sai Madam Esta ta miƙe.

"Ƙanena, kwamfutata tana ofis a kashe. Duba mana yanzu, yana nan?"

Na duba. Yana nan.

"To ni ban iya irin aikinku ba. Amma lambar nan da ke kusa da sunansa, ta wace na'ura ce?"

Na karanta lambar da ƙarfi, don in nuna na san aiki. Ina kai ƙarshenta sai na gane ta, domin ita ce manne a bayan laftof ɗina. Alhaji ya ce in buɗe cikin manhajar kowa ya gani. A layi na huɗu, ga shi ɓaro-ɓaro: manhajar kan shiga saba da sunan damisa kafin ta ƙirga mutane. A samansa kuma ga sunan wanda ya rubuta ta, har da shekarar da ya gama makaranta.

"Ashe kai munka tura Shinkafi ka kamo kanka," in ji Alhaji. "Kuma wanga suna na sama, naka na?"

Ɗakin ya fashe da dariya, ban da Madam Esta. Ita ta ɗauki jakarta ta fita. Wannan ya fi dariyar ciwo. Da yamma na je gidanta, na durƙusa gaban mijinta na ba ta haƙuri. Ta ce, "Na yafe. Amma da ka tambaye ni tun a mota, da ba mu kai nan ba."

Ba a kore ni ba, sai dai har yau ko mai gadi Damisa yake kirana. Yanzu duk abin da zan girka sai na karanta shi layi-layi. In kuwa aka ce in ƙirga mutanen da ke cikin ɗaki, da kaina nake farawa.