Ranar da Na Tallata Kawuna Maimakon Zumarsa

Ba zan taɓa mantawa da aikin farko da na yi da ilimin kwamfuta ba, ko na so in manta ma Kawu Ɗanjuma ba zai bar ni ba.

Na dawo Birnin Gwari daga Kaduna da takardar kwas ɗin wata shida, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro intanet. Kawu, ƙanin mahaifiyata, zuma yake sayarwa. Abokin sana'arsa, Baba Yohanna, shi ke da amya a bakin daji wajen Damari. Shi ya ɗebo, Kawu ya tace ya ɗura a kwalabe. Ciniki ya ja baya tunda matafiya suka rage bin hanyarmu, sai na ce zan buɗe masa shafi a intanet, mutanen Kaduna da Abuja su riƙa saye daga inda suke.

"Ki yi yadda kika ga ya dace," in ji shi. "Ni dai a sayi zuma."

A makaranta an koya mana cewa shafin farko abu uku yake yi: mai shigowa ya ga kayan, ya yarda da mai kayan, ya san inda zai same shi. Na biyu da na uku na kama da hannu bibbiyu. Don a yarda da Kawu, na sa ya zura babbar rigarsa ta sallah, na tsayar da shi jikin jif ɗin wani baƙo da ya zo ta'aziyya unguwarmu (Kawu ya ɗauka hoton tarihi ne, mutumin da kekensa ma sai an lallaɓa yake tafiya). A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: "Alhaji Ɗanjuma, attajirin zuma na yammacin Kaduna." Ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Don a same shi kuwa, na sa taswira da jan ɗigo daidai ƙofar gidansa. Zumar kanta sai ka yi ta gangarawa kafin ka gan ta, can ƙasa, 'yar mitsitsiya.

Na watsa shi duk guruf ɗin da nake ciki. Kwana biyu ƙawayena na Kaduna suna ta fasa mini kai.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ɗauki kwamfuta zuwa rumfar Kawu. Baba Yohanna na nan, da maƙwabtan rumfa huɗu ko biyar. Kawu ba ya karatun boko, don haka na karanta masa da ƙarfi, har ina gyara murya. Na gama, na jira tafi.

Baba Yohanna ya matso ya nuna allon. "'Yata, wannan jan ɗigon fa?"

"Gidan Kawu ne, Baba. Duk wanda ya danna, wayarsa za ta kai shi har ƙofa."

"Duk wanda?"

"Kowa da kowa, ko a ina yake!" Da alfahari fa na faɗa.

Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yarinyar nan, mutanen daji ba su da waya ne? A garin da mai akuya biyar ke cewa na maƙwabci ne, ke kin ba ni mota, kin kai ni Makka, kin kuma zana musu hanya? In suka ɗauke ni suka ce a kawo kuɗin attajiri, kwalabe za ki kai musu?"

Wani ya fashe da dariya, ya kuma haɗiye ta da sauri. Ni kuwa kunya da tsoro suka rufe ni lokaci ɗaya. A garin nan aka haife ni, na san duk wannan, amma wata shida a Kaduna sun goge mini shi tas. Nan take na hau cire shafin, sabis kuma ya zaɓi lokacin ya ɗauke. Kusan rabin awa dattawa suna tsaye a kaina, Alhajin bogi na murmushi a jikin jif.

Sati uku Kawu ya yi a ɓoye a gidan surukansa. Da ya dawo, riga mai faci yake sawa, duk wanda ya gaishe shi a kasuwa sai ya ce, "Lafiya lau. Motar nan fa ba tawa ba ce." Allah ya tsare, ba abin da ya same shi.

Sabon shafin, Baba Yohanna ne ya tsara mini shi da baki, yana ƙirgawa da yatsu: "Hoton kwalba, babba. Farashi. Sabon layin waya. A karɓa a tasha a Kaduna. Ki tsaya nan." Ba fuska, ba suna, ba taswira. Shafin nan ne har yau yake kawo ciniki, ni mai takarda nawa dannawa ne kawai.

Yanzu duk wanda ya zo in yi masa shafi, kafin in tambaye shi abin da yake so duniya ta gani, sai na rage murya na ce, "Me ba ka so a sani?"