Yadda Za Ka Sha Kashi a Ƙwallon Kwando Ka Kira Shi Gina Gobe

Ranar Asabar, ana tsakiyar cirar albasa a Aliero, 'yan Jega suka lallasa ƙungiyar kwalejinmu, kakar wasa ta ƙare. Duk da haka kocinmu, Malam Barau, ya bar filin ana yi masa sannu da ƙoƙari. Bi matakan nan, kai ma za a yi maka. Ba su taɓa ƙin aiki ba.

1. Zaɓi rana

Sa wasan da ya fi muhimmanci lokacin da kowane gida ke fadama. 'Yan wasanka za su taho kai tsaye daga gona, baya a ƙage, ido jawur. Barau ya ƙara da tasa basirar: ya ara wa maƙwabta simintin filin su shanya albasa, don ba ya iya cewa a'a ga mutanen da suka yi masa zaman makokin matarsa Uwani. Yara suka yi ta atisaye da ido daga bayan shingen waya. Koci nagari yakan tanadi uzuri kafin ya hura ƙwallo.

2. San abin da za ka rasa, ka yi kamar ba ka sani ba

Kowace ƙungiya tana da mutum guda. Namu Imrana ne, ɗan ƙauyen Kashin Zama, dogo kamar turken lantarki, wanda ya koyi saiti wajen jefa albasa cikin buhu daga nesa. Mahaifinsa, Alhaji Maigari, ya gindaya sharaɗi tun farko: in an ci har aka kai su gasar Birnin Kebbi, yaro ya ci gaba da karatu da wasansa. In ba haka ba, ya bi motar albasa zuwa Kudu, inda tsawo ke da amfani wajen lodi.

3. Ɗora laifi kan abin da ba shi da dangi

Kada ka taɓa alƙalin wasa, yana da 'yan'uwa a Maiyama, kuma wata rana motarka za ta lalace a can. Kama iska. Kama ƙarfen kwando ka ce ya karkace, ko da yake na 'yan Jega ne bayan hutun rabin lokaci, kuma bai hana su komai ba.

4. Ce yara ne

Wannan shi ne magani. Ka ce ƙungiyar ƙarama ce, gini ake yi, baɗi za a gani. Barau ya faɗa bara, ya faɗa bara waccan. Wasu cikin yaran farko har sun fara kai nasu yaran makaranta. Shugabannin kwaleji suna son kalmar gini matuƙar ba a biyo ta da maganar siminti ba.

5. Yi jawabi

Tara su a inuwa ka jero daulolin da suka faɗi suka tashi. Barau ya karanta littattafai, ya kai su har Rum. Lukman, kyaftin ɗinsu, ya ɗaga hannu da ladabi: "Malam, su ma lokacin albasa anka yi musu?" Kada ka amsa irin wannan. Ka ce a yi addu'a.

6. In uba ya tambaye ka, ba mutane dariya

Bayan jawabi Maigari ya ratso taro, ya gaisa, ya ce: "Malam, gaskiya nika so. Wanga yaro na da wani abu cikin wasan ga, ko ɓata lokaci na?"

Barau ya duba, ya ga 'yan Jega suna saurare. Tun rasuwar Uwani babu mai taka masa ƙafa in harshensa ya zarce. Sai ya ce tsawo dai Allah Ya bayar, saura kuma sai a ci gaba da roƙo. Kowa ya yi dariya ban da Maigari, wanda ya gyaɗa kai ya yi godiya, irin godiyar da ake yi wa likita.

Ranar Litinin Imrana ya zo sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa. Barau ya ce ya riƙa sunkuyawa in mota ta zo ƙarƙashin gada. Yaron ya ce to, ya ɗan jira ko akwai saura, sannan ya miƙe.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In yaranka sun watse, in baɗi ta zo ta tarar da kai da ƙwallo a hannu ba mai karɓa, kai ka jiyo. Barau ma ba ya zargin kowa. Har yanzu yana buɗe fili da yamma, in motar albasa ta wuce ya bi ta da kallo, yana maimaita amsar da ta zo masa bayan an watse:

"Alhaji, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ka bar mini shi."