Malam Armiya'u da Layin Dogo

"Ni idona ma'aunin kusurwa ne! In na harari kusurwa, da kanta taka faɗin digirinta." Abin da Malam Armiya'u, malamin lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Ƙaura Namoda, yake faɗa ke nan kullum a ɗakin malamai. Mu abokan aikinsa muka sa masa suna Digiri Dubu, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Lokacin sabuwar jiharmu ta Zamfara ana neman wanda zai riƙe sashen lissafi a ma'aikatar ilimi, Gusau. Gogan naka har ya ɗinka babbar riga fara ƙal ta shiga ofis. Aka turo sufeto, Hajiya Iyatu, ta ga darasinsa kafin a yanke magana.

Darasin kuwa ɗan ƙarami ne: layi biyu masu tafiya a jere ba sa haɗuwa, in wani ya ratsa su, kusurwar nan da takwararta ta can daidai suke. Kowane malami a allo yake kawo hujja ya huta. Ban da Digiri Dubu.

"Allo na ƙananan malamai ne, Hajiya. Mu tahi tashar jirgin ƙasa, ki ga ilimi da ƙarhe!"

Aka ɗunguma da ɗalibai cikin rana, har da ni. Ya zaɓi ƙarafan dogo biyu, bai ko lura ba ashe kowanne da hanyarsa. Sandar da zai gitta kuma ya baro ta a makaranta. Sai ya kwanta da kansa, ɗoɗar, farar riga a kan baƙin mai.

"Ni ne layin da ya ratsa. Salima, auna!"

Salima, shugabar aji, ta duƙa da ma'aunin kusurwa na katako. "Malam, wajen kanka saba'in. Wajen ƙahwahunka tamanin da biyar."

"Ƙarya! Sake."

"Ko tumbin ne ya karkatar da kai, Malam?"

Ya miƙe fuu, bayansa da layi biyu baƙaƙe wuluk. "Ma'auninga na gwamnati ne, ya lalace. Ku biyo ni. Ƙarhunan ga ko Legas munka bi su, ba su haɗuwa!"

Ina Legas! Ko rumfar mai rake ba su wuce ba, sai ga ƙarafan nan sun matso, sun matso, sun rungumi juna a mahaɗar da ake sauya wa jirgi hanya. Ɗalibai suka cusa hijabi a baki.

Hajiya Iyatu ta ce, "To Malam, ina hujja?"

Ya ɗaga yatsa sama. "Wallahi tallahi kusurwoyin daidai suke! Ki ɗauka shari'a anka kawo, Hajiya. Ko alƙali, in babu shaidu, rantsuwa shika karɓa."

"Alƙali dai shina ƙin rantsuwar wanda anka kama da ƙarya a gaban aji guda."

Ya marairaice, ni da nake gefe har na ji tausayinsa kaɗan. "To maganar Gusau hwa?"

Hajiya ta dubi zanen man da ke bayan rigarsa. "Waɗanga biyun kam a jere suke, su kaɗai ka yi daidai yau. Ka tahi da su gida ka riƙa dubawa: ɗaya kai ne, ɗaya kujerar Gusau."